Yadda Na Nemi Haƙƙina a Wurin Aiki Bayan Ganina Ya Raunana

Ciwon hawan jinin ido ba ya zuwa da hayaniya. Yana cin jijiyar da ke kai saƙon gani zuwa ƙwaƙwalwa ne sannu a hankali, galibi daga gefe-gefe, har mutum ya wayi gari yana kallon duniya ta wata 'yar kafa da ta rage a tsakiya, kuma abin da ya riga ya tafi babu maganin da ke dawo da shi, iyakar abin da maganin ɗigawa ko tiyata za su yi shi ne rage matsin da ke cikin ido domin a tsare ɗan abin da ya saura. Lokacin da likita ya tabbatar mini da haka na riga na daɗe ina aiki a sashen kuɗi na wata babbar ma'aikata, inda nake daidaita lissafin albashi da na kuɗaɗen da ake biyan masu kawo kaya, aikin da gaba ɗayansa ya dogara ga karanta lambobi a takarda da fuskar kwamfuta.

Da farko babu wanda ya nuna mini ƙyama, kuma wannan ne ya sa matsalar ta daɗe a ɓoye. Wani matashi da teburinsa ke kusa da nawa ya ɗauki nauyin karanto mini takardun biyan kuɗi, yana faɗin lamba ina shigarwa. Na gode masa a lokacin, har yanzu ina gode masa. Sai dai taimakon da ya rataya a kan kyautatawar wani yana da iyaka: ranar da ya tafi hutu aikina tsayawa yake yi, ranar da aiki ya yi masa yawa sai in zauna ina jira ina jin nauyin sake kiransa, sannan bayanan albashin mutane, waɗanda amana ce aka damƙa mini, sun koma ana karanta su da ƙarfi a ofis mai cike da jama'a. A takardar auna ƙwazon ma'aikata ta ƙarshen shekara aka rubuta cewa aikina ya yi rauni kuma ina yawan jinkiri, ba tare da ko kalma guda a kan dalili ba. Ba da daɗewa ba shugaban sashen kula da ma'aikata ya kira ni, cikin lallami da ladabi, ya ba ni zaɓi biyu: ko a mayar da ni wurin karɓar baƙi in riƙa amsa waya, ko in nemi ritaya bisa dalilin rashin lafiya. Na ce masa ina neman lokaci in yi shawara.

Shawarar da ta amfane ni daga ƙungiyar makafi ta zo. Can na tarar da mutanen da suka riga ni shiga wannan hali, kuma abu na farko da suka yi shi ne zaunar da ni gaban kwamfuta aka kashe fuskarta. Suka koya mini NVDA, manhajar da ke karanta wa mutum abin da ke kan kwamfuta da murya, wadda wasu makafi biyu 'yan ƙasar Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka gina, kuma kyauta ake samunta, saɓanin JAWS, wata manhajar irinta, da sai an sayi lasisinta. Koyon ya yi wuya, domin dole hannu ya rabu da linzamin kwamfuta ya haddace allon madannai, kunne kuma ya saba da muryar na'ura. Ranar da na daidaita wani lissafin gwaji daga farko har ƙarshe da kunne kawai, na tabbatar wa kaina cewa ƙwarewata tana nan, hanyar da lambobi za su iso gare ni ce ta canja.

Lauyar ƙungiyar, wata mata da ta makance tun tana yarinya, ita ce ta buɗe mini ɓangaren doka. Da na gama ba ta labari sai ta ce, “Malam, duk abin da ka faɗa mini yanzu, a ina aka rubuta shi?” Na ce magana ce ta baka tsakanina da shugabanni. Ta ce to a idon doka ban nemi komai ba tukuna, kuma ba a hana ni komai ba. Daga nan ta fara karanto mini Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙoƙin Masu Nakasa, wadda babban taron majalisar ya amince da ita ranar 13 ga Disamba 2006, ta fara aiki ranar 3 ga Mayu 2008, kuma a yau ƙasashe fiye da 180 sun ɗaure kansu da ita. Sashe na 27 ya yi magana a kan haƙƙin aiki, ya kuma ambaci waɗanda nakasa ta same su suna cikin aiki ƙarara, wato irina. Amma sashe na 2 ne ya fi tsaya mini a rai, domin a can aka bayyana cewa ƙin yi wa mai nakasa gyaran da ya dace da buƙatarsa, matuƙar gyaran ba zai ɗora wa wanda aka nema a wurinsa nauyin da ya wuce kima ba, shi ma nuna bambanci ne. Ke nan ma'aikata za ta iya tauye mutum ba tare da kowa a cikinta ya yi masa mugun nufi ba. Ya isa a bar abubuwa yadda suke bayan an san cewa yadda suke ɗin ne ke hana shi aiki.

Ta kuma rarrabe mini abubuwa biyu da mutane da yawa ke haɗawa, har da masu fafutuka. Na ɗaya shi ne wajibcin gina wurare da tsara hanyoyin sadarwa yadda kowa zai iya amfani da su tun kafin wani ya zo ya nema, kamar gangaren da keken guragu zai bi a ƙofar gini, ko shafin intanet da manhajar makafi za ta iya karantawa. Sashe na 9 ne ya tanadi wannan, kuma abu ne da ake cim ma a hankali. Na biyu shi ne gyaran da ake yi wa mutum guda a halin da yake ciki, wanda wajibcinsa ke hawa kan ma'aikata daga lokacin da buƙatar ta taso, kuma ba a jinkirta shi da hujjar cewa ana shirin gyara komai nan gaba. Kwamitin masana 18 da ke zama a Geneva yana bibiyar aiwatar da yarjejeniyar ya yi wannan bayani a sharhinsa na 2 na shekarar 2014 da na 6 na shekarar 2018, inda ya ƙara da cewa dole a zauna da mai buƙatar a ji ta bakinsa, kada a ɗora masa kuɗin gyaran, sannan idan ma'aikata ta ce nauyin ya fi ƙarfinta, ita ce za ta kawo hujja.

Ta ja mini kunne cewa irin wannan yarjejeniya gwamnatoci take ɗaurewa, kuma a ƙasashe da yawa kotu ba za ta hukunta mai ba da aiki da ita kai tsaye ba sai majalisa ta mayar da ita dokar cikin gida. Amurka tana da tata dokar tun 1990, wadda ɓangarenta na aiki ya shafi masu ma'aikata 15 zuwa sama, Birtaniya ta tattara nata tanade-tanaden cikin dokar daidaito ta 2010, a Najeriya kuma an sa hannu a kan tata dokar a watan Janairun 2019, kowace da abin da ta ƙunsa da abin da ta bari, kuma galibi da wa'adin shigar da koke wanda idan ya wuce an rufe ƙofa. Muka bi dokar da ta shafe ni sashe-sashe, muka bi littafin ƙa'idojin aiki na ma'aikatarmu, inda muka samu wani tsohon sakin layi da ya ce ma'aikatar ba ta nuna bambanci saboda nakasa.

Kafin in rubuta komai sai da na yi aikin da nake ganin shi ne mafi muhimmanci a duk wannan tafiya, wato gano ainihin inda aikin ke tsaya mini. Na bi ayyukana ɗaya bayan ɗaya ina gwada kowanne da manhajar karatu, sai na ga mafi yawansu, wato lissafi a Excel da wasiƙun imel da rubuta rahoto, babu abin da ya hana ni yi. Cikas ɗin a wurare ƙalilan ya taru. Takardun masu kawo kaya ana ɗaukar hotonsu ne da na'ura a turo su a matsayin PDF, kuma hoto a wurin manhajar karatu shafi ne wayam ko da cike yake da rubutu. Akwai manhajojin da ke mayar da hoton rubutu ya zama rubutu, amma idan takardar ta yi duhu ko hatimi ya hau kan lamba sukan karanta 8 a matsayin 3 ko 0, kuskuren da a sashen kuɗi ba ƙarami ba ne. Manhajar biyan albashi kuwa, wadda wani kamfani ya ƙera wa ma'aikatar, an yi maɓallanta da 'yan hotuna ba tare da an sa musu suna a ciki ba, saboda haka idan na bi su da allon madannai abin da nake ji shi ne “maɓalli, maɓalli, maɓalli”, ban san wanne ne na ajiyewa ba, wanne ne na gogewa, wanne ne zai tura kuɗi asusun mutane. Sannan a jadawalin biya an saba shafa wa layin da ba a biya ba jan launi ba tare da an rubuta komai ba, alamar da kunne ba ya ji. Wani ɗan ƙungiyar da ya san harkar manhaja ya nuna mini cewa duk waɗannan suna cikin ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da shafukan intanet, da ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ke fitarwa, waɗanda suka ce duk abin da ba rubutu ba a sa masa bayani a rubuce, duk abin da ake yi da linzami ya yiwu da allon madannai, kuma kada launi kaɗai ya zama hanyar isar da saƙo.

Rahoton likita ma sai da aka sake shi. Na farko cike yake da sunan cuta da awon matsin ido, abin da ba zai gaya wa jami'in ma'aikata komai ba face cewa ba ni da lafiya, kuma irin wannan takarda ce ke saurin kai mutum ga ritaya. Na roƙi likitan ya rubuta abin da ya shafi aiki: ba na iya karanta ƙananan haruffa na tsawon lokaci, haske mai ƙarfi yana damuna, ba na ganin abin da ke gefena, amma tunanina da jina da hannuwana lafiyarsu ƙalau.

Takardar da na rubuta babu roƙo a cikinta, babu barazana. Na faɗi aikina da halin da idona yake ciki a taƙaice, sannan na kawo abin da nake nema tare da dalilin kowanne: a ba ni izinin sa NVDA a kwamfutar ofis, a riƙa karɓar takardun masu kawo kaya a rubuce ta kwamfuta maimakon hoto, a umarci kamfanin da ya ƙera manhajar albashi ya sa wa maɓallan suna, a ƙara gurbi guda a jadawalin biya da za a riƙa rubuta “an biya” ko “ba a biya ba”, a matsar da teburina daga gaban taga, kuma a sake duba sakamakon auna ƙwazona da aka yi a lokacin da ba ni da kayan aiki. Na ambaci sashen dokar da sakin layin littafin ƙa'idojinmu, na nemi amsa a rubuce cikin wani wa'adi, na kuma ce a shirye nake a zauna idan suna da wata hanyar da za ta biya buƙatar. Na kai kwafi biyu ofishin karɓar wasiƙu, aka buga wa nawa hatimi da kwanan wata, na adana shi.

An kira zama da shugaban sashen kula da ma'aikata da shugaban sashena da jami'in kwamfuta, ni kuma na tafi da wakilin ƙungiyar ma'aikata domin ya zama shaida ya kuma rubuta abin da aka tattauna. Shugaban sashena ne ya fara magana, kuma na ji a muryarsa cewa takardar ta sosa masa rai. Ya ce, “Malam, me muka rage ka da shi? Yaron nan kullum yana gefenka yana karanta maka. Ashe sai ka kai mu ga maganar doka?” Na ce, “Ranka ya daɗe, ba ku rage ni da kirki ba, kuma ban rubuta takardar nan don in ɓata wa kowa suna ba. Albashi ɗaya ake biyan yaron nan, aiki biyu yake yi, ni kuma ana auna ni da aikin da ba a ba ni hanyar yinsa ba. Abin da nake nema zai sauke masa nauyi, ya dawo mini da aikina.” Jami'in kwamfuta ya ce ƙa'idarsu ta hana sa kowace manhaja daga waje saboda tsaron bayanai. Wannan damuwa ce ta gaskiya, don haka na ce a bi hanyar da ake bi wajen tantance kowace sabuwar manhaja, tun da NVDA a buɗe take ga duk mai son bincika yadda aka rubuta ta. Na buɗe kwamfutata na nuna musu. Da muryar ta fara karanto lambobi da saurin da na saba, babu wanda ya fahimci abin da take faɗa sai da na rage saurin, sannan na ce wa shugaban sashena ya zaɓi kowane layi ya ga dama a jadawalin, na nemo shi na faɗa masa jimillarsa.

Hujjar da ta fi damuna ita ce wadda shugaban sashen ma'aikata ya kawo, cewa idan aka yi mini, gobe wasu ma za su zo da tasu buƙatar. Gaskiya ne za su zo, kuma ya kamata su zo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa mutum biliyan 1.3, kimanin kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, suna rayuwa da nakasa mai tasiri, saboda haka babbar ma'aikatar da ta ce ba ta da masu nakasa, abin da ya fi yiwuwa shi ne tana da su sun yi shiru don tsoron irin zaɓin da aka gabatar mini. Ya kuma ba da shawarar a saya mini gilashin ƙara girman rubutu a wuce wurin. Na bayyana masa cewa wanda ganinsa ya tsuke daga gefe, ƙara girman harafi na iya ƙara masa wahala, domin kalma ɗaya ce za ta cika ɗan filin da ya rage masa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

An tashi a kan cewa za a duba. Teburin an matsar da shi, gurbin jadawali ma an ƙara, sauran kuwa shiru. Wa'adin ya wuce, na rubuta tunatarwa, aka gaya mini a baka, a bakin ƙofar ofis, cewa kamfanin manhajar ya ce gyaran zai ci kuɗi kuma babu shi a kasafin bana. Na koma teburina na tura imel cewa ga abin da na fahimta daga maganarmu ta yau, kuma ina neman a nuna mini ƙiyasin kuɗin da kamfanin ya bayar. Ba a amsa ba. Abin da ya biyo baya shi ne takardar neman bahasi a kan jinkirin rahoton wata, rahoton da ya dogara ga manhajar da na ce ba na iya amfani da ita. Wannan lokaci shi ne mafi tsanani a gare ni, barci ya ƙaurace mini, wasu abokan aiki suka fara ja da baya, iyalina kuma suka shiga fargabar kada in rasa aikin gaba ɗaya. Na amsa takardar cikin ladabi, na haɗa da kwafin buƙatata mai hatimi, na ɗaukaka koke zuwa ga shugaban ma'aikata kamar yadda littafin ƙa'idoji ya tsara, domin duk inda mutum zai je daga baya za a tambaye shi ko ya bi matakan cikin gida.

Da wannan ma bai haifar da komai ba, lauyar ta taimaka mini na shigar da koke gaban hukumar da doka ta ba ikon sauraron ƙorafin nuna bambanci. A nan na ci karo da abin da har yau nake ambata duk inda aka ba ni damar magana: fom ɗin shigar da koken takarda ce da ake cikewa da biro, kwafinsa na intanet kuma hoto ne. Sai da wani ya karanta mini ya cike mini, alhali sashe na 13 na yarjejeniyar ya wajabta wa ƙasashe su sauƙaƙa wa masu nakasa hanyar neman adalci, har da gyara matakanta su dace da su. Na rubuta wannan a ƙarshen koken nawa.

Hukumar ta rubuta wa ma'aikatar tana neman amsa, kuma a karon farko maganar ta isa teburin lauyan ma'aikata, wanda ya san abin da rashin amsa rubutacciyar buƙata mai hatimin karɓa ke nufi. Aka gayyace mu zaman sasanci. Jami'ar da ta jagoranci zaman ta ɗauki buƙatuna ɗaya bayan ɗaya tana tambayar ko gyaran zai biya buƙatar, ko zai yiwu, nawa zai ci, kuma mene ne girman kuɗin idan aka kwatanta da ƙarfin ma'aikatar gaba ɗayanta maimakon kasafin sashe guda. Da aka zo kan manhajar albashi ta nemi ƙiyasin kamfanin, sai ta bayyana cewa ba a taɓa neman sa a rubuce ba, magana ce aka yi ta waya. Da aka nema, kamfanin ya raba aikin gida biyu: sa wa maɓallan suna ƙaramin aiki ne da ke cikin kwangilar kula da manhajar da ake biya duk shekara, amma shafin fitar da rahoto sai an sake gina shi. Na amince a yi na farko nan take, na biyun kuma a jira sabon zubin manhajar, bisa sharaɗin a riƙa fitar mini da bayanan zuwa Excel kafin lokacin. Wasu 'yan ƙungiyarmu sun so in ƙi, in tafi kotu domin a samu hukuncin da zai amfani kowa, kuma hujjarsu tana da ƙarfi, domin sasanci ba ya kafa misalin da wani zai dogara da shi gobe. Na zaɓi sasanci ne saboda abin da nake nema shi ne in ci gaba da aiki tare da mutanen nan, kuma shari'a mai tsawo za ta iya ƙarewa da diyya bayan aikin ya riga ya tafi.

Lauyar ta dage cewa kowane abu a yarjejeniyar a rubuta muƙamin wanda zai yi shi da ranar da zai kammala, a kuma sa ranar da za a sake zama a duba. An janye takardar neman bahasi daga fayil ɗina, an soke sakamakon auna ƙwazon, an kuma rubuta cewa ba za a ɗauki wani mataki a kaina saboda na kai koke ba. Na nemi a ƙara abubuwa biyu da ba su cikin takardata ta farko: a tsara yadda zan fita daga bene idan gobara ta tashi tare da shafa wa bakin matakala fenti mai launi dabam da zan iya bambancewa, sannan duk manhajar da ma'aikata za ta saya nan gaba a sa sharaɗin bin ƙa'idojin WCAG cikin takardar kwangila tun kafin a biya kuɗi. An karɓi na farko ba musu, na biyun aka ce sai kwamitin sayen kaya ya zauna.

Yanzu ina daidaita lissafina da kaina. Matashin da ke karanta mini ya koma kan nasa aikin, sai idan takarda ta zo a hoto daga wani mai kawo kaya da bai bi sabon tsari ba, abin da har yanzu yake faruwa, kuma duk lokacin da ya faru nakan rubuta in ajiye. Wata abokiyar aiki da jinta ya yi rauni, wadda ta daɗe tana ɓoyewa tana zama a gaba a wurin taro domin ta riƙa kallon bakin mai magana, ta karɓi kwafin takardata ta rubuta tata, tana neman a riƙa ba ta abin da za a tattauna a rubuce kafin taro da bayaninsa bayan an tashi, kuma an amsa mata ba tare da ta je ko'ina ba. Shafin rahoton manhajar albashi har yanzu ba a sake gina shi ba, sharaɗin kwangila ma yana gaban kwamiti. Duka biyun suna cikin abin da za a tattauna a zama na gaba, kuma na riga na tura wa sashen kula da ma'aikata wasiƙar tunatarwa tare da jerin takardun da suka zo a hoto tun daga zaman da ya gabata.